Mota tana mutuwa a sulo: me za ka saya, me za ka bari?

Idan mota ta fara karkarwa a danja, ko ta mutu da zarar ka ɗaga ƙafa daga totur, abu na farko da za ka ji a gareji shi ne "bari a ɗan ƙara mata sulo", wato gudun da inji ke yi da kansa ba a taka totur ba. Kafin ka yarda, kafin kuma ka nufi kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa ko Panteka da kuɗi a aljihu, ka san irin injin da ke motarka, domin shi ne zai nuna maka abin saye.

Lafiyayyen injin fetur da ya ɗau zafi yakan tsaya tsakanin 600 da 900 a agogon rpm, mai nuna juyin inji a minti ɗaya. Da sanyin safiya yana iya haura 1,200, sannan ya sauko da kansa. Wannan ba ciwo ba ne, kada ka kashe masa ko sisi.

Mai tsohuwar mota ta kafireto, irin su Fijo 504, shi ne ya fi kowa sauƙi. Sukuru biyu ne: ɗaya na ɗaga sulo ko sauke shi, ɗaya na daidaita mai da iska. Bakanike mai kunne zai saita su da sukudireba bayan injin ya yi zafi. In ya ƙi zama, a kwance kafireton a wanke, a sa sabon gasket da allura. Ni dai na fi yarda da kafireton asali da aka gyara a kan sabo mai araha wanda ba a san maƙerarsa ba.

Motar injekta kuwa, birenbos, wato kwamfutar motar, shi ke riƙe da sulo. A masu wayar totur akwai ɗan bawul da ake kira IAC a jikin maƙogwaron totur, shi ke buɗe wa iska hanya idan ka ɗaga ƙafa. Sababbi, kamar Camry daga 2002, ba su da shi ma, ƙaramin moto ne ke juya faifan totur ɗin. A nan ne ake yi wa mutane ɓarna. Akwai wani ɗan sukuru da faifan ke jingina a kansa, daga kamfani aka saita shi, sau da yawa har da ɗigon fenti a kai. Wanda ya murɗa shi bai gyara komai ba: ya ɓoye ciwon ne, mota ta ƙara shan mai, in otomatik ce kuma ta riƙa fizga duk lokacin da ka sa giya.

Don haka ka fara da mafi araha, wato gwangwanin feshin wanke totur da sabuwar filtar iska. Ka sa a cire tiyon iskar a gabanka ka leƙa. Za ka ga baƙin dauɗa mai danƙo ya zagaye bakin faifan, daidai inda iskar sulo ke bi. Ƙurar hunturu da tururin baƙin mai ne suka haɗu. Sau tari wankewar nan kaɗai ta isa. Amma a kula, kada a fesa wannan maganin a kan eyafulo (mai auna iskar da ke shiga inji), nasa daban ne, kuma kada a danna faifan totur mai lantarki da ƙarfin yatsa. Wasu motocin, musamman Nissan, sai an sake koya wa birenbos sulo bayan wanki, in ba haka ba zai tsaya sama.

Abu na biyu da ya cancanci kuɗinka shi ne 'yar na'urar sikan ta ELM327, wadda ake haɗawa da waya. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da soket ɗinta a ƙarƙashin sitiyari. P0506 na nufin sulo ya yi ƙasa, P0507 ya yi sama, P0505 kuma matsala ce a tsarin sulon kansa. In ka ga P0171, iska ta yi wa mai yawa, sai a bi tiyoyi a nemi wanda ya tsage. Tiyon roba ɗaya na iya sa mutum ya sayi bawul ɗin da bai buƙata.

Sai an wuce duk waɗannan ake maganar sayen kaya. Sabon bawul na asali, kamar Denso a Toyota, ya fi tsada, ya kuma fi kwanciyar hankali. Sabo mai araha caca ne, wani ya yi aiki, wani ya riƙa hawa da sauka tun ranar farko. Na Beljiyam, wato na hannu daga waje, yakan fi mai arahar, muddin lambar jikinsa ta yi daidai da ta naka. Idan totur mai lantarki ne, gaba ɗayansa ake saye, don haka ka duba soket ɗin, ka ƙirga fil ɗinsa, ka tabbata ba a taɓa ɓalle murfinsa ba.

Ka yi sharaɗi da mai shago cewa za a ɗaura a gwada, in bai yi ba ka dawo da shi. Gwajin kuma a yi shi injin na da zafi, AC a kunne, fitilu a kunne, giya a D ƙafarka a kan birki. In allurar agogon rpm ta ɗan nutsa ta dawo ta tsaya cik, sai ka biya.