Likitan iyali ko nas mai rubuta magani: wanne ya dace ka zaɓa a Amurka da Kanada?

Duk wanda ya zauna a Amurka ko Kanada, da zarar ya sami inshorar lafiya ko katin lafiya na lardi, ba ya daɗewa sai an tambaye shi wane ne mai kula da lafiyarsa a matakin farko, wato mutumin da zai fara zuwa wurinsa idan jiki ya ƙi daɗi, wanda zai riƙe tarihin lafiyarsa, kuma wanda sau da yawa sai da takardarsa ake samun ganin ƙwararren likitan zuciya ko na ƙoda. A da amsar ɗaya ce, likitan iyali. Yanzu kuwa a jerin sunayen da ake miƙa wa mutum akwai waɗanda aka rubuta haruffan NP a bayan sunansu, kuma waɗannan ma'aikatan jinya ne da suka ƙaro karatu har doka ta ba su damar duba mara lafiya, su gano cutarsa, su tura shi gwaji, su rubuta masa magani. Galibinsu mata ne, shi ya sa a nan zan riƙa cewa "ita", ko da yake akwai maza a cikinsu.

Sana'o'in biyu kusan sa'annin juna ne, abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. A 1965 ne wata malamar jinya, Loretta Ford, da wani likitan yara, Henry Silver, suka buɗe shirin farko na horar da irin waɗannan nas-nas a Jami'ar Kolorado, saboda yaran karkara ba sa samun mai duba su. Shekara huɗu bayan haka, a 1969, aka amince da likitancin iyali a matsayin fannin ƙwarewa mai zaman kansa a Amurka, domin a lokacin matasan likitoci sun karkata zuwa fannonin da suka keɓanta da gaɓa ɗaya ta jiki, an bar mutum ba shi da mai kallonsa gaba ɗayansa. Ke nan gurbi ɗaya aka haife su su cike, kuma wannan ne asalin gogayyar da ke tsakaninsu har yau.

Bambanci mafi girma yana wajen horo, kuma bai kamata a yi masa kwaskwarima ba. Likitan iyali a Amurka yana yin shekara huɗu a digirin farko, huɗu a makarantar likitanci, sannan uku yana horon ƙwarewa a asibiti, inda yake zagayawa ɗakin yara, ɗakin haihuwa, ɗakin manya, sashen gaggawa da na lafiyar ƙwaƙwalwa. A Kanada horon ƙwarewar shekara biyu ne. Kafin ya fara zama da kansa ya tara awanni sama da 10,000 yana hulɗa da marasa lafiya a ƙarƙashin idon manya. Ita kuwa nas ɗin tana fara da digirin jinya da lasisinsa, sannan ta yi digiri na biyu ko digirin digirgir na aikin jinya, kuma mafi ƙarancin awannin duba marasa lafiya da aka daɗe ana nema a wannan mataki 500 ne, kodayake sabon ma'auni na 2022 ya nemi a kai shi 750. Masu kare nas-nas sukan ce wannan lissafi bai ƙirga shekarun da da yawansu suka yi a bakin gadon marasa lafiya kafin su koma makaranta ba, kuma suna da gaskiya, sai dai shekarun nan ba kowacce ke da su ba, domin akwai makarantu a Amurka da ke karɓar ɗaliba ba tare da dogon aiki a asibiti ba, wasu kuma yawancin darussansu ta intanet ake yi. Horon likitan iyali kusan iri ɗaya ne ko'ina cikin ƙasa, na nas kuwa ya danganta da makarantar da ta fito da kuma inda ta yi aiki, saboda haka tambayar shekara nawa ta yi tana wannan aiki ba rashin kunya ba ce.

Akwai wani ɗan ruɗani da ya kamata a kiyaye. Nas ɗin da ta yi digirin digirgir tana iya amsa sunan "Dokta", amma hakan bai mayar da ita likita ba. Haruffan da ke bayan suna su ne ke faɗin gaskiya: MD ko DO likita ne, NP nas ce, PA kuma mataimakin likita ne, wanda sana'a ce ta uku da horonta daban.

Sai batun doka, wanda a Amurka ya bambanta daga jiha zuwa jiha. Sama da rabin jihohi 50 sun ba nas cikakken iko ta buɗe wurinta, ta duba, ta rubuta magani ba tare da sa hannun likita ba; Arizona, Oregon da Washinton suna cikin waɗannan, Niyok kuma ta shiga sahu a 2022 ga waɗanda suka cika awanni 3,600 na aiki. A jihohi irin su Tezas dole ne ta kasance da rubutacciyar yarjejeniya da wani likita da ke sa ido a kan aikinta. Kada mutum ya ɗauka cewa sa idon nan yana nufin likitan yana zaune a ɗakin da ke kusa, domin wani lokaci duba wasu fayiloli ne kawai yake yi lokaci zuwa lokaci daga wani gari. A Kanada dukkan larduna sun amince da wannan sana'a, kuma lardin Ontariyo ya buɗe asibitin farko da nas-nas ke jagoranta a garin Sudbury a 2007.

Ta fuskar kuɗi, bambancin bai kai yadda ake zato ba. Shirin Medicare, wato inshorar gwamnatin Amurka ta waɗanda suka kai shekara 65, yana biyan nas kashi 85 cikin 100 na abin da yake biyan likita a kan aiki ɗaya, tsarin da dokar kasafi ta 1997 ta shimfiɗa, saboda haka kason da mara lafiya ke cikawa daga aljihunsa yakan ɗan ragu. Amma idan nas ɗin tana aiki a asibitin wani likita, akwai ƙa'idar da ke ba da damar a nemi kuɗin da sunan likitan a biya cikakke, ta yadda rangwamen ba zai iso ga mara lafiya ba. A yawancin inshorar kamfanoni kuɗin shiga da ake biya a bakin ƙofa ɗaya ne ko wa aka gani, abin da ke da muhimmanci shi ne ko sunan mutumin yana cikin jerin waɗanda inshorar ta amince da su. A Kanada ganin likitan iyali ba ya buƙatar biya daga aljihu, haka ma nas ɗin da gwamnati ke biya albashi, amma an sami waɗanda suka buɗe wuraren kansu suna karɓar kuɗi kai tsaye daga hannun jama'a, saboda a Ontariyo, misali, ba su da damar tura wa inshorar lardi takardar neman kuɗi kamar likitoci. Wannan ne ya sa a watan Janairun 2025 ministan lafiya na tarayya na lokacin, Mark Holland, ya sanar cewa daga 1 ga Afrilun 2026 ya kamata inshorar larduna ta ɗauki nauyin ayyukan da suka zama dole ga lafiya ko da nas ce ta yi su.

To, wa ya fi iya aikin? An daɗe ana gwada wannan. Tun a 1974 aka wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi a garin Burlington na Ontariyo, inda aka raba iyalai tsakanin likitoci da nas-nas, ba a kuma ga bambanci a lafiyarsu ba. A 2000 mujallar likitanci ta JAMA ta buga wani da aka yi a birnin Niyok a kan mutum 1,316, shi ma ya nuna cewa bayan wata shida sakamakon ya yi daidai. Masu suka dai ba su fasa tunatarwa ba cewa jagorar binciken, Mary Mundinger, ita ce shugabar makarantar jinya ta Jami'ar Kolombiya a lokacin, kuma wata shida gajeren lokaci ne a rayuwar mai ciwon sukari. Bitar da cibiyar Cochrane mai tace binciken lafiya ta yi a 2018, wadda ta tattara gwaje-gwaje 18, ta gano cewa nas-nas sukan ɗauki lokaci mai tsawo da mara lafiya, jama'a sukan ɗan fi gamsuwa da su, sakamakon lafiya kuma ya yi daidai ko ya ɗan fi a wasu fannoni. A ɗaya ɓangaren, binciken da David Chan da Yiqun Chen suka fitar a 2022 daga sassan gaggawa na asibitocin tsofaffin sojojin Amurka ya nuna cewa marasa lafiyan da nas-nas suka duba sun fi daɗewa a sashen kuma sun fi dawowa a kwantar da su, tazarar kuma ta fi faɗi idan ciwon mai sarƙaƙiya ne. Sashen gaggawa ba ɗakin likitan iyali ba ne, amma akwai abin dubawa a ciki, musamman da yake binciken ya kuma nuna cewa bambancin da ke tsakanin likita da likita, ko nas da nas, ya fi wanda ke tsakanin sana'o'in biyu girma.

Ƙungiyoyin ɓangarorin biyu kowacce tana ɗaukar abin da ya yi mata daɗi a cikin waɗannan bincike. Ƙungiyar Likitocin Amurka tana yaƙi da faɗaɗa ikon nas-nas a majalisun jihohi, tana cewa tawagar lafiya likita ne ya kamata ya jagorance ta, ita kuwa ƙungiyar nas-nas tana cewa dokokin sa ido ba su ƙara wa kowa lafiya ba, sai dai su hana mutanen karkara samun mai duba su. A ganina mai neman inda zai kai kansa da 'ya'yansa bai kamata ya shiga wannan faɗa ba, domin a wurare da yawa zaɓin da ke gabansa ba tsakanin likita da nas ba ne, tsakanin nas ne da babu. Binciken jin ra'ayi na OurCare da aka yi a Kanada a 2022 ya gano cewa sama da mutum ɗaya cikin manya biyar, kimanin miliyan 6.5, ba su da likitan iyali ko nas da suke zuwa wurinsa a kai a kai.

Abin da ya fi lakabi nauyi shi ne ɗorewa. Marigayiya Barbara Starfield ta Jami'ar Johns Hopkins ta bayyana ginshiƙai huɗu na kulawar matakin farko: a zama ƙofar farko, a daɗe tare da mutum, a kula da yawancin buƙatunsa, a kuma haɗa kan duk sauran masu yi masa magani. Wani bincike da aka wallafa a 2022 a kan 'yan ƙasar Norwe kusan miliyan 4.5 ya nuna cewa waɗanda suka haura shekara 15 da likita ɗaya haɗarin mutuwarsu ya ragu da kashi 25 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda shekara ɗaya kacal suka yi da nasu. A kan likitoci aka yi binciken, amma dalilin a fili yake: wanda ya san yadda kake tun kana lafiya shi ne zai fara ganin ramar da kai ba ka lura da ita ba, kuma shi ne za ka iya faɗa wa abin da kake jin nauyin faɗa wa baƙo. Saboda haka shahararren likitan da sai an yi wata biyu ana jiran ganinsa, ko asibitin da kullum sabuwar fuska ake tararwa, ba lalle ne su fi nas ɗin da za ta gan ka cikin mako kuma tana nan shekara da shekaru ba.

Idan mutum matashi ne mai ƙoshin lafiya, ko iyali ne da buƙatarsu ba ta wuce rigakafin yara, awon shekara, tsarin iyali da ƙananan cututtuka ba, ko kuma mai hawan jini, asma ko ciwon sukari ne da aka riga aka gano kuma magani ya karɓe shi, nas mai ƙwarewa za ta wadatar, wataƙila ma ya fi jin daɗin lokacin da za ta ba shi wajen bayanin abinci da yadda ake shan magani. Amma wanda cututtuka uku ko huɗu suka haɗu masa, ko dattijon da ke shan magunguna goma da ke iya cin karo da juna, ko wanda ke fama da alamun da aka kasa gane kansu, kamar rama ba dalili ko zazzaɓin da ya ƙi tafiya, shi zan ba shi shawarar ya dage wajen neman likitan iyali ko likitan cututtukan manya, domin a nan ne dubban awannin horon nan suke amfani, wajen tuna cutar da ba a cika gani ba. Mafi alheri ga kusan kowa shi ne wurin da su biyun ke aiki a ƙarƙashin rufi ɗaya da fayil ɗaya, irin tawagogin lafiyar iyali da Ontariyo ta fara kafawa a 2005 ko cibiyoyin lafiyar al'umma na Amurka, inda nas za ta iya leƙa ɗakin likita idan abu ya shige mata duhu.

Kafin a rubuta sunan kowa a takardar inshora, yana da kyau a kira wurin a ji kwana nawa ake jira idan ciwo ya taso ba zato, ko mutum ɗaya za a riƙa gani ko kuwa duk wanda ke bakin aiki, wa ke amsa waya da dare da ƙarshen mako, da kuma wa ke kiran mara lafiya idan sakamakon gwaji ya fito. Idan nas ce, a tambaye ta kai tsaye wane likita take tuntuɓa idan lamari ya fi ƙarfinta da kuma yadda take samunsa. Idan likita ne, a tambaye shi ko shi da kansa za a riƙa gani, domin a asibitoci da dama sunansa ne a takarda amma nas ce ke duba mutum a yawancin ziyara. Ana iya tabbatar da lasisin kowannensu kyauta a shafin hukumar likitoci ko ta jinya ta jihar ko lardin, inda kuma ake nuna ko an taɓa ladabtar da shi.