The Action Bible: Sharhi Kan Littafin da Ya Ba da Labaran Littafi Mai Tsarki Cikin Zane

Na shafe watanni ina karanta The Action Bible tare da 'ya'yana, labari ɗaya ko biyu kowane dare kafin addu'ar kwanciya, har muka kai shafinsa na ƙarshe. Saboda haka abin da zan faɗa a kansa ya fito ne daga zama da littafin na tsawon lokaci, tare da lura da yadda yara suke karɓarsa. Littafi ne irin wanda ake ba da labari a cikinsa ta hanyar jerin zane-zane, kowane shafi a rarrabe cikin akwatuna, maganar mutane kuma a rubuce cikin 'yan da'irori kusa da bakinsu. Wasu suna ɗaukar duk littattafan da ke da wannan siffa a matsayin na barkwanci, amma wannan ba na ban dariya ba ne ko kaɗan, domin ya ɗauki labarin da ya faro daga halittar duniya a Littafin Farawa, ya bi shi har zuwa Wahayin Yahaya.

Kamfanin David C Cook, wanda ke birnin Colorado Springs a Amurka, shi ne ya wallafa shi da Turanci a shekarar 2010, da labarai 215 cikin shafuka sama da 700 masu launi, sannan a 2020 aka sake fitar da shi da ƙarin labarai. Doug Mauss ne ya tace rubutun, Sergio Cariello kuma, mutumin ƙasar Birazil, ya yi zanen. Cariello ya yi wa kamfanonin Marvel da DC aiki kafin wannan, wato masu fitar da littattafan jarumai masu ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam, kuma duk wanda ya buɗe littafin zai ga wannan horo a hannunsa. Tushen aikin wani tsohon littafi ne na wannan kamfani, The Picture Bible, wanda ya fito a 1978 da zane mai sanyi da natsuwa irin na zamaninsa.

Abin da na fi yabawa a littafin shi ne yadda aka jera labaran bisa lokacin da suka auku. A cikin Littafi Mai Tsarki da muke riƙewa, littattafan tarihi suna wuri guda, na annabawa kuma suna can gaba, ta yadda mai karatu zai gama labarin komowar Yahudawa daga bauta a Ezra da Nehemiya, sa'an nan ya tarar da Ishaya yana gargaɗi a kan abin da bai riga ya faru ba. Wannan tsari yana rikitar da manya ma, balle yara. A nan kuwa an sa kowane annabi a zamanin sarkin da ya yi wa magana: Iliya yana tsaye gaban Ahab, Ishaya yana tare da Hezekiya lokacin da rundunar Assuriya ta kewaye Urushalima, Irmiya kuma yana kuka a kan birnin a kwanakin Zedekiya, kafin Babilawa su rushe shi wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu. Ni kaina, duk da shekarun da na yi ina karanta Tsohon Alkawari, sai a cikin waɗannan shafuka na ga rabuwar mulkin Isra'ila bayan mutuwar Sulemanu a matsayin zare ɗaya da ake iya bi ba tare da ya tsinke ba.

Wani abu ƙarami amma mai muhimmanci shi ne, a ƙarƙashin kan kowane labari an rubuta littafi da surar da aka ɗauko shi. Wannan ya sauƙaƙa mana buɗe nassin domin gwadawa, kuma ya nuna cewa masu aikin ba su nufi littafinsu ya maye gurbin Maganar Allah ba.

Zanen kansa yana da rai. Ruwan Bahar Maliya yana tsaye kamar bango dama da hagu, wuta tana saukowa a Dutsen Karmel gaban annabawan Ba'al 450, kuma fuskokin mutane suna nuna tsoro da fushi da nadama yadda yaron da bai ƙware a karatu ba zai fahimci abin da ke faruwa. Ƙaramin ɗana, wanda dogon rubutu ke gundurarsa, shi ne yake fara ɗauko littafin, kuma ya riƙe sunaye irin su Yosiya da Zerubabel waɗanda ban taɓa tsammanin za su zauna masa a ka ba.

Sai dai a nan ne kuma damuwata take, kuma ina ganin ya kamata in tsaya a kanta. Salon zanen jarumai yana son faɗin ƙirji da damtse mai kauri, ga kuma tsayuwa irin ta wanda ya san zai yi nasara. Wannan ya dace da Samson, ya dace da Goliyat. Amma yawancin labaran Littafi Mai Tsarki suna tafiya ne a kan akasin haka, wato Allah yana zaɓen marar ƙarfi domin kada mutum ya yi fahariya. An rage rundunar Gidiyon daga mutum 32,000 zuwa 300 saboda wannan dalili. Da Sama'ila ya je gidan Yesse, ya ga Eliyab da tsayinsa da kwarjininsa, sai Ubangiji ya faɗa masa cewa mutum yana duban siffar waje, shi kuwa zuciya yake dubawa. Musa ya ce shi mai nauyin baki ne, Irmiya ya ce shi yaro ne, Ishaya kuma ya kwatanta Bawan Ubangiji da wanda ba shi da kyan ganin da zai ja mu gare shi. Idan aka zana yawancin waɗannan bayin Allah da jikin 'yan kokawa, yaro zai iya tashi da tunanin cewa sun ci nasara ne saboda sun fi kowa ƙarfi, ko da kalmomin da ke cikin shafin suna faɗin wani abu dabam. Hoto yakan riga kalma shiga zuciya, kuma yakan fi ta daɗewa a can.

Haka kuma, mai zane dole ne ya yanke shawara a wuraren da nassi ya yi shiru. Bishara huɗu ba su faɗa mana tsayin Yesu ko kamannin fuskarsa ba, amma shafi ba zai zauna babu fuska ba. Marubuci ma dole ya ƙirƙiri 'yan maganganu domin haɗa wani akwati da na gaba. Ban ci karo da ƙarin da ya saɓa wa koyarwar bangaskiya ba, amma sau da yawa 'ya'yana sun kawo mini wata magana a matsayin aya, alhali daga alƙalamin mai tsara labarin ta fito. Akwai kuma ikilisiyoyin da ba su yarda a zana Almasihu ba sam, kuma iyalin da ke kan wannan fahimta ya kamata su san cewa littafin ya zana shi a fili.

Sassan da ba labari ba ne sun fi shan wahala. Zabura da Karin Magana da wasiƙun Bulus ba su da yaƙi ko tafiya da za a zana, don haka an taɓa su ne a gurguje. Wanda ya tsaya a wannan littafi kaɗai zai san tafiye-tafiyen Bulus da hatsarin jirginsa a hanyar Roma, amma ba zai san zurfin bayaninsa a kan alheri da barata ta wurin bangaskiya ba.

Game da dacewa da yara, an yi taka-tsantsan. Akwai yaƙe-yaƙe da kisa, kuma an nuna azabar gicciye yadda take taɓa zuciya, amma ba a cika shafi da jini ba, an kuma sakaya al'amuran lalata. A ganina yaro mai shekara 8 zuwa sama zai iya karantawa shi kaɗai, na ƙasa da haka kuwa ya fi kyau babba ya zauna tare da shi, musamman a shafukan annoban Masar da na Wahayin Yahaya. Wannan kulawa ba a kowane littafin zane mai ɗauke da sunan nassi ake samunta ba. Wanda Robert Crumb, wani mai zane ɗan Amurka, ya yi a kan Littafin Farawa a 2009 ya zana dukan surori 50 ba tare da rufe tsiraici ba, kuma don manya aka yi shi, saboda haka bai kamata a saya wa yaro littafi don ganin sunan da ke bango kawai ba.

Ina ba iyaye da malaman makarantar Lahadi shawarar su mallaki The Action Bible, haka ma sabon mai bi wanda yawan littattafai 66 na Littafi Mai Tsarki ya yi masa nauyi. Yadda muka fi amfana da shi a gidana shi ne, yaro ya karanta labarin cikin zane, sannan mu buɗe surar da aka ambata a ƙarƙashin kan labarin mu karanta da ƙarfi, kowa ya nuna abin da mai zane ya ƙara da abin da ya bari. Littafin yana da kauri da nauyi, don haka ya fi daɗin karantawa a kan tebur, kuma wanda zai saya yanzu gara ya nemi bugun 2020 mai ƙarin labarai.