Harbi a kan tebur: ganin ido ko awon faifai?

A wasan yaƙi na ƙananan sojojin roba, kafin a jefa ƙwayar lido sai an tabbatar mai harbi yana hango abokin gaba. Hanya biyu ake bi.

Ta farko ganin ido ce, irin ta wasan Warhammer 40,000. Za ka sunkuya ka kai idonka daidai bayan sojanka. In ka hango ko da gefen kafaɗar abokin gaba, harbi ya halatta. Ba lissafi, kuma akwai daɗi. Matsalarta siffar soja. Wanda aka ƙera a durƙushe yakan ɓuya bayan katangar kwali, wanda ya ɗaga takobi sama kuwa takobin ne zai tona masa asiri. Ga gardama, domin 'yan wasa biyu ba sa gani iri ɗaya. Nan Kano in an ɗauke wuta aka koma fitilar waya, inuwa kan ƙara dagula lamarin.

Ta biyu da faifan da soja ke tsaye a kai take aiki. A wasan Warmachine, faɗin faifai, misali milimita 30, 40 ko 50, shi ke yanke girman soja komai tsayuwarsa. Miƙa zare daga faifai zuwa faifai, in gini mai tsayi ya tare layin, babu harbi.

Ga masu yanka gine-ginensu da kwali, na fi ba da shawarar ta biyu. Sharaɗin kawai, tun kafin a fara a auna tsayin kowane gini da tef ɗin tela, a rubuta a ƙarƙashinsa.