Wurin gashin ƙashin da ya ce kada in koma sai da maigidana

Ranar da na fara zuwa asibitin gashin ƙashi, ƙanwata ce ta raka ni, ta zauna a waje tana jira. Malamar da ke kula da masu jiri ta karanta takardun da na zo da su daga Alƙahira, inda aka yi mini tiyata, ta sa na taka daga ƙofa zuwa taga na dawo, sannan ta tambaye ni su wa muke zaune gida ɗaya. Na ce maigidana, da yaranmu huɗu, da mahaifiyarsa a nata sashen. Ta ce to zama na gaba kada in zo sai da shi, daga baya kuma in Hajiya za ta iya, ita ma a kawo ta. Raina bai so ba. Ni ce mara lafiya, ni na biya kuɗin kati, me ya kawo surukata cikin maganar? Yau wata tara ke nan, kuma wannan sharaɗin ne ya sa na zauna rubuta wannan don masu neman inda za su je bayan irin tiyatar da aka yi mini.

Ni malamar firamare ce a Kano. Kusan shekara 3 kunnena na hagu yana raguwa ina cewa sanyi ne, har na koma amsa waya da na dama ban lura ba. Hoton MRI ne ya nuna ƙari a kan jijiyar da ta taso daga cikin kunne zuwa ƙwaƙwalwa, wadda ke ɗauke da ji da kuma daidaiton tsayuwa. Likitoci suna kiransa akustik niyuroma. Ba kansa ba ce, kuma a hankali yake girma, shi ya sa wasu ake sa musu ido kawai da hoto lokaci-lokaci, wasu a ƙona shi da haske. Nawa ya riga ya girma, sai wuƙa. An bi ta ƙashin bayan kunne, kuma tun kafin a shiga da ni likita ya gaya mini cewa ta wannan hanyar jin kunnen hagu ba zai dawo ba har abada. Jijiyar da ke motsa fuska tana manne da wurin, ita ma ta taɓu. Na farka bakina a karkace, idon hagu ba ya rufuwa sosai.

Mako biyun farko gida cike yake da 'yan dubiya. Da ɗinki ya warke, gashi ya fito, ɗankwali ya rufe tabon, sai magana ta koma "Alhamdu lillahi, ai kin miƙe." Ban miƙe ba. In na share ɗaki ɗaya sai na kwanta awa biyu. In aka ɗauke wuta da dare ba na iya zuwa banɗaki sai ina dafa bango. Wani ƙara kamar na injin markaɗe daga nesa ba ya barin kunnen da ya mutu. Wata safiya Hajiya ta yi mini magana daga hagu har sau uku ban waiwaya ba, ta gaya wa ɗanta cewa tunda na dawo daga ƙasar waje na fara ji da kai. Shi kuma mutum ne mai haƙuri, amma ranar da ya ce mini "Wai har yanzu gajiyar ce?" na shiga ɗaki na yi kuka. Ido ɗaya ne ya zubar da hawaye, na hagu a bushe yake ƙamas, domin jijiyar fuskar ce ke ba shi umarnin hawaye. Wannan ya ƙara karya mini zuciya.

Wurin ƙaramin asibitin gashi ne mai zaman kansa, galibin masu zuwa tsofaffi ne masu ciwon gwiwa da waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye. Malama ɗaya ce a cikinsu ta karanci gyaran jiri.

Da maigidana ya zo, ba ta yi masa dogon bayani ba. Ta toshe masa kunnen hagu da abin toshe kunne na soso, ta ɗora masa wani abin rufe kunne a kai, ta kunna rediyo a damansa, ta koma hagunsa tana yi masa magana a hankali. Bai kama ko rabin abin da ta ce ba. Sai ta ce ya rufe ido, ta jefar da makulli a bayansa, ta ce ya nuna inda ya faɗi. Ya nuna wani wurin daban. Ta ce masa: "Alhaji, da kunne biyu ake gane inda sauti ya fito. Kai minti biyar ka yi. Ita a haka take tsallaka titi, ta ji hon ɗin adaidaita sahu ba ta san ta ina yake tahowa ba." Ta ƙara da cewa gajiyar da yake gani aiki ce: ƙwaƙwalwa tana koyon tsayuwa da kunne ɗaya, tana jingina da ido da tafin ƙafa, ga kuma wahalar tsinto magana daga cikin hayaniya. A mota muna dawowa bai ce komai ba har muka kusa gida, sannan ya ce, "Maman yara, ki yafe mini." Tun daga ranar, in za mu fita, hagu yake komawa ya tare mini titi, in kuma zama ne ya zauna a damata.

Zuwan Hajiya ya fi wuya, sai da aka yi mako uku ana lallashi. Malamar ta durƙusa ta gaishe ta, ta kira ta Mama, ta roƙe ta ta hau kan wata katifar soso ta rufe ido, malamar da maigidana suna riƙe da ita. Ba ta yi daƙiƙa goma ba ta ce a sauke ta, ƙasa tana juyawa. Aka ce mata haka nake ji a tsakar gida in babu haske. Hajiya ba ta ba ni haƙuri da baki ba, ban kuma sa ran haka ba. Amma da yamma ta aiko jikanta da fitila mai caji, ta ce a rataye a hanyar banɗakina. Yanzu in za ta yi mini magana sai ta taɓa kafaɗata tukuna. Ita ce ma ta tsawatar wa wata 'yar uwarta da ta ce aljani ne ya mare ni, a kai ni wurin mai magani.

Atisayen kansa babu wata na'ura mai tsada a ciki. Kati ne mai harafi ɗaya a manne a bango, in kafa masa ido ina juya kai dama da hagu na minti ɗaya, sau uku zuwa biyar a rana. Sai tafiya a kan layi, tsayuwa a kan soso, ɗauko abu daga ƙasa, jefa ƙwallo daga hannu zuwa hannu. Malamar ta ce tushensu atisayen da likitoci biyu 'yan Ingila, Cawthorne da Cooksey, suka tsara a shekarun 1940. Dole ne su tayar da jiri kaɗan, don da haka ƙwaƙwalwa ke sabawa, kuma ta tura ni wurin likitana ya duba maganin jirin da nake sha kullum, saboda daɗewa a kansa yana jinkirta sabon. Abin da ya fi shiga raina shi ne yadda ta ɗauki maganar salla. A zaune nake yi, domin ruku'u yana kayar da ni. Na san addini ya ba da wannan sauƙin, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Sai ta mayar da sunkuyawa da ɗagowa cikin atisayena, ina dafe da kujera, ana ƙara zurfi mako-mako. A wata na huɗu na yi Asuba a tsaye, babbar 'yata tana gefena ko da zan tafi luu.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma gara mai zuwa ya sani. Ɗakin jira yana da talabijin da ake ƙure wa murya, ga janareta a bayan taga, wanda azaba ce ga mai kunne ɗaya. Na yi magana sau biyu kafin a fara rage shi in na zo. Kwana biyu kacal malamar ke zuwa a mako, in ta yi tafiya babu mai maye gurbinta, akwai lokacin da na yi mako uku ban ga kowa ba. Kuɗin kowane zama sai an biya kafin a shiga, kuma ba su karɓar inshorar lafiya, ga albashin malamar makaranta abin da nauyi. Ba su da mai gwajin ji, don haka maganar na'urar da ke ɗauko sauti daga mataccen kunne ta kai wa mai lafiya sai da na je wani wuri. Ba su kuma da likitan damuwa. Ranar da na gaya wa malamar ba na barci, ba na son haɗuwa da mutane saboda fuskata, ta saurare ni sosai, ta faɗa mini gaskiya cewa wannan ya wuce fanninta, ta rubuta mini takarda zuwa asibitin koyarwa. Na je, kuma ya taimaka.

A kan fuska, tausa mai laushi da motsi kaɗan-kaɗan a gaban madubi ta koya mini, ta hana ni matsa wa kaina. Bakina ya fara daidaita, murmushin dai bai cika ba. Ido kuwa ta nace: ɗigon magani da rana, man ido da filasta da dare, tabarau duk lokacin da zan fita, musamman da hunturu in ƙura ta taso. Maigidana ne ke manna mini filastar kafin mu kwanta, ita ta nuna masa yadda ake yi.

Na koma aji a zangon da ya wuce, rabin yini. Na matsar da teburina zuwa kusurwa yadda duk yaran suke ɓangaren damana, kuma sun saba ɗaga hannu kafin su yi magana don in san waye. Saura mini zama biyu. Hajiya ta ce na ƙarshen da ita za a je, tana so malamar ta duba mata gwiwa.