GARGAƊI: Mai sayar da tsutsar kifi ya cinye min naira 52,000, kifayena sun ƙare

Jama'ar Gombe masu ajiye kifin ado, ku zo ku ji abin da wani marar tsoron Allah ya yi min. Naira 38,000 na tura masa kuɗin abincin kifi. 38,000! Ban da 14,000 da ya sake karɓa da sunan magani. Wallahi har yanzu zuciyata tafasa take yi.

Kada wani ya ce min ban bincika ba. Na bincika. Na daɗe ina kiwon kifi a tankin gilashi, ba jiya na fara ba. Na tambaye shi ƙarara, tsutsar nan daga ina take? Ya ce jar tsutsa ce daskararriya, 'yar waje, an tsabtace ta kafin a rufe. Ya kira ni ta bidiyo a WhatsApp, ya buɗe firiza, ga fakiti nan a jere. Muna cikin magana aka kira la'asar, sai ya ce, "Yaya, bari in yi salla in dawo, ai amana ba abin wasa ba ce." Wannan maganar ce take hana ni barci. Amana ba abin wasa ba ce! Wa zai ji haka daga bakin Musulmi ɗan'uwansa ya kawo zargi? Yana dawowa na tura 38,000 cif, ko ragi ban nema ba.

Maganin kuma ruwan shuɗi ne a gorar roba, ba suna, ba takarda. 14,000. Amma wannan daga baya ne, lokacin kifayen sun riga sun fara kwanciya. Kafin nan, kayan da direba ya miƙo min a tasha ba fakitin da na gani ba ne, robar fenti ce a ƙulle da leda, tsutsa a ciki tana motsi, ta dunƙule kamar ƙwallon zare, ga wari. Nan take na kira shi. Ya ce daskararriyar ta ƙare, ya ba ni mai rai wadda ta fi tsada, shi da kansa yake kiwonta a ruwa mai tsabta, har da rantsuwa. Na wanke ta sosai kamar yadda ake yi kafin in zuba.

Sai da wani abokina mai kiwon tarwada a wajen Dadin Kowa ya gani, ya ce wannan tubifeks ce, ta kwata. Jar tsutsa ta gaskiya 'ya'yan wani ƙwaro ne mai kama da sauro amma ba ya cizo, gajeru ne, jajaye jawur. Tubifeks siririya ce, a cikin laka mai ƙazanta take rayuwa, inda ruwan lambatu yake kwanciya, abin da ya ruɓe take ci. Wanki na waje ba ya fitar da abin da ke cikinta. Masu cewa tsutsa tana sa wa kifi cuta, tsutsa mai tsabta abinci ce, na sha ba su lafiya ƙalau. Wurin da aka kwaso ta shi ne bala'in. Wadda ba su ci ba kuma ta shige cikin tsakuwa ta mutu ta ruɓe, amoniya, gubar da ruɓewa take saki a ruwa, ta tashi, ruwa ya yi fari-fari.

Kifayena suka daina cin abinci, suka hau saman ruwa suna haki. Wasu jikinsu ya yi ja-ja, babbansu, wanda yara suka fi so, cikinsa ya kumbura, ɓawon jikinsa ya miƙe. Ƙaramar 'yata ce ta fara ganinsa a kife da safe. Bayan ya karɓi 14,000 ɗin ne fa mutumin ya ce ruwan famfona ne ba shi da kyau. Ruwan da nake amfani da shi tun farko! Daga nan ya yi bulokin ɗina.

Abin da ya fi min ciwo, na riga na ba maƙwabcina lambarsa, bisa abin da idona ya gani a firizar nan. Yanzu kunyar haɗa ido da shi nake ji. 52,000, ga kifi, ga mutunci.

Hotunan hirarmu, risit ɗin banki guda biyu da bidiyon tsutsar duk suna hannuna, zan ɗora su da dare. Kada ku biya sai kun ga kaya. Tsutsa mai wari ku zubar. Duk wanda shi ma ya taɓa tura wa mutumin nan kuɗi ya neme ni, ina haɗa shaidu zan kai ƙara.