Fetur na tafasa a tsohuwar Land Rover: kare bututu ko famfon lantarki?

Masu Land Rover samfurin Series III mai injin lita 2.25 sun san abin, ka kashe mota da rana tsaka ta ƙi tashi, don kafireto na zaune saman manifol ɗin salansa, wato ƙarfen da ke kwashe hayaƙi daga inji, zafi ya maida fetur tururi.

Hanya mai araha ita ce ka janye bututun mai daga jikin inji, ka naɗe shi, ka sa faranti mai tare zafi ƙarƙashin kafireto. Amma famfon fetur na asali da motar ta zo dashi zuƙo mai yake, kuma baya iya zuƙar tururi. Na lantarki kuwa in ka ɗaura shi kusa da tanki turo man yake, shi yasa nafi yarda dashi, saidai akwai aikin waya, kuma in ƙarfinsa yayi yawa kafireto zai riƙa ambaliya.