Kishin kamfanonin faifan jazz da na kamfanonin kwamfuta: ina suka yi kama, ina suka saɓa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko kishin da aka yi tsakanin Apple da IBM a kan kwamfuta daidai yake da wanda kamfanonin faifai suka yi a Amurka lokacin da kiɗan jazz ke tashe, don wani ya ce maka duk kanwar ja ce. A ganina ya yi gaskiya rabi. Akwai inda suka yi kama sosai, amma wanda ya kwashe riba a kowane ɓangare ba shi ne wanda mutane ke zato ba.

Mu fara da garmaho. A shekarun 1910 manyan masu takara su ne Victor da Columbia da kamfanin Thomas Edison. Faifan Victor da na Columbia allura na bin layinsu ne tana kaɗawa hagu da dama, na Edison kuwa sama da ƙasa take yi, don haka in ka sayi faifan Edison sai ka nemi garmahon Edison, ko ka sayi wani kai na musamman ka ɗaura wa naka. Masana sun yarda sautin Edison na da tsabta. Matsalar ita ce tsohon da kansa yake zaɓen waƙar da za a buga, ga shi kunnensa ba ya ji sosai, ga shi ba ya son jazz. Victor kuwa a watan Fabrairun 1917 ya ɗauki wasu Turawa biyar 'yan New Orleans, Original Dixieland Jass Band, ya fitar da faifan da ake lissafawa a matsayin na farko a tarihin jazz. Kiɗan baƙaƙen fata ne, amma fararen fata aka fara ɗauka. Wannan wani zance ne mai zaman kansa. A 1929 Edison ya rufe sashen faifansa.

To, ka ɗora wannan a kan Macintosh, kwamfutar Apple ta 1984, wanda aka sa wa dala 2,495. Inji mai kyau, mai sauƙin aiki, amma ƙofarsa a kulle: Apple ke ƙera akwatin, Apple ke rubuta babbar manhajar da ke tafiyar da shi. IBM kuwa da ya fitar da tasa kwamfutar a watan Agustan 1981 sauri yake yi, sai ya sayo ƙwaƙwalwar injin daga Intel, manhajar daga Microsoft, ya kuma wallafa bayanin yadda aka haɗa kayan cikin. Har nan dai kamannin ya fito. Bambancin farko shi ne Edison ya durƙushe, Apple kuwa ya kai bakin rami a 1997 ya dawo, kuma cikin waɗanda suka miƙa masa hannu har da Microsoft, da jarin dala miliyan 150.

Abin da ya fi kama da rigimar kwamfuta shi ne yaƙin gudun faifai. Tsohon faifai mai juyi 78 a minti ɗaya, mai faɗin inci goma, kusan minti uku kawai yake ɗauka a kowace fuska. A 1948 Columbia ya fito da dogon faifai mai juyi 33 da sulusi, wanda fuska ɗaya ke cin sama da minti ashirin, ya kuma ce duk kamfanin da ke so ya zo a yi tare. RCA Victor, wato Victor ɗin nan bayan kamfanin RCA ya saye shi, ya ga raini ne ya bi bayan kishiya, sai a 1949 ya fito da nasa ƙaramin mai juyi 45, da ƙaton rami a tsakiya wanda sai na'urarsa. Masu saye suka ja baya suna jiran ganin wanda zai kayar da wani. Ba a daɗe ba aka sasanta: a 1950 RCA ya fara buga dogon faifai, a 1951 Columbia ya fara buga mai 45, masu ƙera na'ura suka sa ɗan maɓalli da za ka murɗa ka zaɓi gudun da kake so. Shi ke nan, an raba gona, ƙaramin na waƙa ɗaya, dogon na kundi. A kwamfuta ba a samu irin wannan maɓallin da wuri ba. Shekara da shekaru manhajar da ka saya don wannan ba ta tashi a kan wancan.

Wurin da na fi son a tsaya a duba shi ne yadda na'urar ta gyara kiɗan da kansa. A watan Afrilun 1923 ƙungiyar King Oliver ta je kamfanin Gennett a garin Richmond na jihar Indiana, cikinsu har da saurayi Louis Armstrong, wanda ranar ce farkon shigarsa faifai. Babu makirfo. Wani ƙaton mazurari ne ke leƙowa ta bango, makaɗa su taru a bakinsa, ƙarfin sautin ya girgiza allura tana zana layi a kan kaki. Mai ƙarfin busa a tura shi baya, mai rauni a matso da shi. Babbar ganga kan sa allura ta yi tsalle, don haka makaɗi yakan koma dukan ɗan katako. Ɗakin kuma dab da layin dogo yake, in jirgi ya taho sai kowa ya sauke kayansa a jira ya wuce. Sai a 1925 aka koma ɗauka da lantarki. Amma iyakar minti ukun nan ta ci gaba har bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ita ce ta sa mabushin da ke iya kwana yana sarrafa amo ɗaya a gidan rawa dole ya dunƙule maganarsa cikin daƙiƙa talatin ko arba'in. Da dogon faifai ya zo sai igiya ta kwance. Kiɗan farko a kundin Kind of Blue na Miles Davis, wanda Columbia ya fitar a 1959, ya haura minti tara.

Nan ma akwai ɗan kamanni, domin ba wanda ke sayen akwati don akwati. Muryar mawaƙin Italiya Enrico Caruso ta sayar wa Victor garmaho, manhajar lissafi ta VisiCalc ta sayar da Apple II daga 1979, Lotus 1-2-3 ta yi wa IBM irin wannan aikin daga 1983.

Yanzu ga inda nake ganin abokin musunka ya yi kuskure. Ya ɗauka IBM ne a matsayin Victor ko Columbia. A harkar faifai, arzikin yana hannun mai riƙe da uwar faifan, wato asalin ɗaukar da ake buga kofe daga gare ta. Mafi yawan makaɗa kuɗin zama ɗaya ake ba su, su sa hannu su tafi, kamfani ya yi ta bugawa har jikoki. Wannan da kuma yadda rediyo ke sa faifai maimakon ɗaukar makaɗa ya sa ƙungiyar makaɗan Amurka, ƙarƙashin James Petrillo, ta hana ɗaukar faifai daga 1 ga Agustan 1942. Kamfanin faifai na Decca ya sasanta a 1943, Victor da Columbia suka ja har Nuwamban 1944. A tsakanin nan ne Charlie Parker da Dizzy Gillespie suke tare a ƙungiyar Earl Hines suna ƙirƙiro sabon salon jazz da ake kira bebop, kuma wannan ƙungiyar a lokacin ba ta bar faifan kasuwa ko ɗaya ba.

A kwamfuta, mai riƙe da uwar faifan Microsoft ne. Manhajar DOS ma, wadda ke tafiyar da kwamfutar IBM, ba shi ya fara rubuta ta ba. Tim Paterson ne a wani ƙaramin kamfani a Seattle, Microsoft ya saye ta ɗungurungum a 1981 a kan dala 50,000. Da ya ba IBM, bai yarda ta zama ta IBM shi kaɗai ba. Kamfanin Compaq ya gano yadda zai kwaikwayi ƙaramar manhajar da ke tada injin ba tare da ya taka doka ba, ya fito da tasa kwamfutar a 1983, sauran suka biyo layi, kowanne yana biyan Microsoft a kan kowane inji. A 1987 IBM ya yi yunƙurin rufe ƙofa da samfurin PS/2, amma ɓarawo ya riga ya fita da akuya. A 2005 ya sayar wa Lenovo na ƙasar Sin sashen gaba ɗaya. Wato IBM ya tashi a matsayin mai gida, ya ƙare kamar masana'antar da ke buga kofe, Paterson kuwa ya fi kama da makaɗin da aka biya kuɗin zama.

Sai batun magoya baya, irin musun da ake kwana ana yi yau tsakanin mai iPhone da mai Android. Masu son jazz ma sun yi nasu a kan kamfanonin faifai biyu, Blue Note da Prestige. Blue Note, wanda Alfred Lion, Bayahude ɗan gudun hijira daga Jamus, ya kafa a 1939, yana biyan makaɗa kuɗin gwaji kafin ranar ɗauka, yana kuma kula da hoton bango kamar ransa. Prestige ba ya biyan gwaji, a zo a busa a tashi. A 1956 Miles Davis ya yi musu zama biyu kacal, ɗaya a Mayu ɗaya a Oktoba, aka fitar da kundi huɗu daga ciki, don ya sauke bashin kwantiraginsa ya koma Columbia. Abin dariyar shi ne kamfanonin biyu wurin mutum ɗaya suke zuwa ɗauka, injiniyan sauti Rudy Van Gelder, a falon gidan iyayensa a garin Hackensack, sau da yawa ma da makaɗa iri ɗaya. Haka daga 2006 zuwa 2020 ƙwaƙwalwar Intel ce a cikin Mac, irin wadda ke cikin HP da Dell, musun kuma bai ragu da ko taƙi ɗaya ba. In dole sai an yi wa Apple ɗan'uwa a duniyar jazz, ni Blue Note zan zaɓa, ba Edison ba, sai dai Lion bai taɓa yin ƙarfin da zai tsaya da ƙafarsa har abada ba. A tsakiyar shekarun 1960 ya sayar wa kamfanin faifai na Liberty.

Hanyoyin biyu sun haɗu a watan Afrilun 2003, lokacin da Apple ya buɗe kantin iTunes yana sayar da waƙa ɗaya a kan santi 99, bayan manyan kamfanonin faifai biyar sun sa hannu, cikinsu har da magadan Victor da Columbia da Blue Note.